Hular da Na Kai wa Yayana Shinkafi

Mun tashi da asuba ni da 'yata ta biyu, amma sai da rana ta fito ta same mu a tashar Ƙaura muna shan koko da ƙosai. Direbobin hanyar Shinkafi yanzu ba sa fita da duhu saboda 'yan bindiga, kuma babu mai son motarsa ta zama ta farko a kan hanya. Sai an ga wadda ta iso daga can ta ce lafiya lau, sannan a jera. Kuɗin mota ya ƙaru tun zuwana na ƙarshe, da na yi ƙorafi ɗan kamasho ya ce in je in kai ƙarar gidan mai. Kayanmu jaka ɗaya ce da wata sabuwar hula a cikin leda, wadda na hana a jefa a but ɗin mota, na ɗora ta a cinyata.

Saboda hular nan muka yi tafiyar. Yayana manomi ne a Shinkafi, bara ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar gona. Ashe ya daɗe yana fama da masassara bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Shi irin mutanen nan ne da ko a kwance ka same su, ka ce yaya jiki, sai su ce wane jiki? Abin ya tsaya wa 'yata a rai. Da yake karatun haɗa na'urori take yi, sai ta zauna ta haɗa wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwallon dabino ba. Idan ta taɓa fatar kai tana auna zafin jiki, in ya wuce misali sai wayar da ke kusa ta kama ƙara.

Da farko a maɗaurin roba ta sa ta, wanda ake ɗaurawa a goshi. Da Yaya ya zo mana yawon Sallah ta nuna masa, ya juya abin a hannu ya tambaye ta da wane goshin zai yi sujada, ya ƙara da cewa shi ba ɗan ƙwallo ba ne da zai yi yawo da roba a ka. Ya ƙi ƙememe. Ni kuwa tela ne, sai na sayo hula mai kyau irin wadda na san yana so, na farke shafin ciki na ɗinke na'urar daga gefe, daidai saman kunne, yadda goshi zai samu ƙasa ba abin da ya tare shi.

Hanya dai ga ta nan, rami ya fi kwalta yawa a wasu wuraren. Gero ya yi tsayi ya fitar da kai, gwanin sha'awa, sai dai tsakanin gona da gona kana ganin wadda aka bar wa ciyawa, ba sai an faɗa maka dalili ba. Akwai inda muka kai hira ta mutu a motar gaba ɗaya, kowa bakinsa na motsi, direba ya taka da ƙarfi. Sai da muka hango gine-ginen Moriki aka dawo da gardamar farashin taki daga inda aka tsaya. A nan muka sha fura da nono mai kauri, na sayi dafaffiyar gyaɗa. Wani mutumin kudu mai shagon magani da ke kusa da ni ya taya ni ciniki da Zamfarcin da ya fi nawa nauyi.

Kafin azahar muna gidan Yaya. Bayan gaisuwa na miƙa masa hular, 'yata ta yi masa bayani ba ta ɓoye komai ba. Ya laluba ciki ya ji ɗan tudun, ya kafa ta, ya leƙa madubin babur ɗinsa ya karya ta gefe. Ya ce yau dai telan gidanmu ya yi abin kirki. Zuciyata ta yi fari. Muka tafi masallaci tare, ina satar kallonsa yana sujada hular na nan daram.

Da muka dawo ya zauna a zaure da abokan hirarsa, ni na shiga ciki inda matarsa ta ajiye mana hoce, wainar dawar nan ta mutanenmu, da miyar kuka. 'Yata na koya mata yadda za ta gane saƙon wayar da za mu bar mata. Ban kai loma ta uku ba wayar ta kama ƙara. Na ga fuskar yarinyar ta canza.

"Baba, ku duba Baffa da sauri, zafin ya yi yawa."

Na fita da gudu ba takalmi. Ina shiga zaure na tarar da Yaya garau yana cin goro, tsohuwar hularsa a kansa. Sabuwar kuwa ga ta can a kan maƙwabcinsa, wani dattijo da suke iyakar gona tun suna samari. Ashe mutumin ya yaba hular, ya sake yabawa, Yaya kuwa bai taɓa iya jin an yaba abinsa ya bar shi a jikinsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ja shi gefe.

"Yaya, wagga hulla ba ta kyauta ba ta. Don kai anka yi ta."

"Ya yaba ta gaban mutane. Mi kaka so in yi, in ce mai na gode?"

Muna cikin haka 'yata ta yi sallama a bakin zaure, ta durƙusa ta gaishe su, wayar na ta ƙara a hannunta. Ta dubi dattijon cikin ladabi ta ce, "Baba, jikinku da zafi sosai." Ya yi dariya ya ce rana ce kawai ya sha a gona. Yaya ya miƙa hannu ya taɓa wuyansa, ya janye da sauri. Ya fita ya tayar da babur don a kai shi asibiti.

A asibiti aka gwada jinin dattijon aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya ci jikinsa, nan take aka ɗaura masa ruwa. Ma'aikaciyar jinyar ta tambayi wanda ya gano, na nuna 'yata tun kafin ta rufe baki. Ta karɓi hular tana dubawa suna magana da yarinyar irin ta masu ilimi, ni ina gefe bakina har kunne. Kafin magariba labari ya zaga unguwa, mutane suna zuwa ganin hula mai sanin masassara. Duk wanda ya shigo sai na gaya masa 'yata ce ta haɗa, ni na ɗinka, ko bai tambaya ba.

Duk da haka da damuwa na kwana. Na'urar ɗaya ce tak, ga ta a kan wani, kuma a gidanmu ba a bin bayan kyauta. Wanda muka yi tafiyar dominsa yana nan yadda muka same shi, ga girbi na ƙaratowa.

Da safe ya raka mu tasha. Mun shiga mota, direba ya tayar, sai na ga ya cire tsohuwar hularsa, wadda zufa ta ci bakinta launinta ya koɗe, ya zuro ta ta taga ya ɗora a cinyar 'yata.

"Ɗiyata, sa min abin naki cikin wagga. Ita ba mai yaba ta."

Mutanen motar suka kwashe da dariya, ni kuwa idona ya cika. Dattijo irinsa bai tsayawa cikin jama'a kai ba hula, amma haka muka bar shi a tsakiyar tasha, furfura a waje, yana ɗaga mana hannu.

Mun iso Ƙaura lafiya kafin azahar. Tafiyar nan ta nuna mini cewa mutanenmu ba ƙin sabon abu suke yi ba, so suke ya zo ta hanyar da ba za ta taɓa sallarsu da mutuncinsu ba. Na kuma gane cewa yarinyar da nake aike sayen zare ta zama wadda gari ke taruwa ganin aikinta. Dattijon ya samu sauƙi, yana can yana yawo da hularsa. Ta Yaya kuwa na wanke ta na farke shafin, tana kan kekena tana jiran 'yata ta gama haɗa na'ura ta biyu.