Wanda Ya Riƙe Mini Ƙafar Mota a Dallol

Jama'a, abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, a kaina ya faru, kuma na tsufa yanzu, ba ni da abin da zan ci da ƙarya. A zamanin Faransawa ne, lokacin ina direban kumandan, Baturen da ke mulki a Filinge, sa'ad da motocin garin duka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wata 'yar kamiyonet nake ja mai buɗaɗɗen baya, ni ne direbanta ni ne makanikenta, kuma ina ji da kaina ƙwarai, don a ganina babu yashi ko laka a ƙasar Kurfai da ban san halinsu ba.

Wata rana da damina, gero ya rufe mutum, aka aike ni in kai wani gardi, wato dogarin kumandan, da takardu wajen Abala. Ina dawowa ni kaɗai da hantsi, sai mutanen wani ƙauye suka tare hanya suna ɗaga hannu. Wani mai haƙar rijiya ne, Arzika, gefen rijiya ya rufto masa, an jawo shi da rai amma bai san inda yake ba, numfashi kawai yake yi sama sama. An hana ni ɗaukar kowa a motar, amma da na ga matarsa Ramatu durƙushe ta riƙe ƙafarsa ba ta ko kuka, wallahi sai na kasa wucewa.

To a nan na yi kuskurena. Don a shimfiɗe shi sosai, na sauke farantan ƙarfen nan biyu da muke sawa ƙarƙashin taya in mota ta kafe, na ce zan dawo in ɗauka. Maza huɗu suka ce za su raka mu, na hana, wai nauyi, alhali tsoron kada kumandan ya ga na cika masa mota da mutane nake yi. Muka tafi mu uku, ita a baya ta ɗora kansa a cinyarta. Kuma don sauri na bar hanyar mota na yanke ta cikin dallol, kwarin nan mai faɗi da ruwa ke kwanciya a cikinsa.

Wajen azahar ƙafar baya ta dama ta faɗa laka. Ku da ba ku san mota ba, bari in gaya muku muguntar abin. Ƙarfen da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun baya, wanda muke kira pon, haka aka ƙera shi, ƙarfin inji duka yana bin ƙafar da ta fi sauƙin juyawa. Ta hagu tana kan ƙasa mai tauri, da za ta juya sau ɗaya da mun fita, amma ta tsaya cik, ta dama kuwa sai wulwulawa take tana watsa laka tana ƙara nutsewa. Wani Bature makanike ya taɓa ce mini a ƙasarsu akwai wadda ake kulle ƙafafun biyu su juya tare, mu dai ba mu taɓa ganinta ba.

Babu dabarar da ban yi ba. Na rage iskar taya, na yanko ciyawa da rassa na cusa, na ɗan ja birkin hannu ko ƙarfin zai koma hagu, duk a banza. Na yi ta kira, ko tsuntsu bai amsa ba. Ramatu ta ce mini, "Malam direba, numhwashin maigida shina yin nisa." Ban iya kallonta ba, don na san ni na bar farantan, ni na hana mazan. Na zauna a laka, ni da girmana, hawaye suka zubo mini.

Sai na ji an yi sallama a bayana. Wani mutum ne ya fito daga cikin gero, ya rufe fuska da rawani sai ido, jikinsa duk jar ƙasa. Bai tambayi abin da ya faru ba, ya dubi ƙafar da ke laka ya ce, "Wagga ce ka cin ƙarhin duka. Shiga ka ba ta wuta, ni ina riƙe ta."

Na ce, "Haba baba, hannunka za ta cire. Inji ne fa, ba jaki ba."

Ya ce, "Shiga dai. Kak ka ɗaga ƙahwa sai kun hau tudu."

Har yau ban san abin da ya sa na bi maganarsa ba. Na ga ya durƙusa ya damƙi tayar da hannu biyu, na shiga na ba ta wuta. Inji ya yi wata irin ƙara, warin roba mai ƙuna ya tashi, sai na ji ƙafar hagu ta ciji ƙasa, motar ta yi wani yunƙuri ta fito. Subhanallahi! Ban ɗaga ƙafa ba sai da muka hau tudu. Na sauko da gudu in yi masa godiya, babu kowa. Na koma har bakin ramin, sawuna ne kaɗai a laka, ko gurbin gwiwa babu. Na tambayi Ramatu ina mutumin ya bi, ta ce wane mutum? Ita dai ta ji ina magana, ta ɗauka addu'a nake yi.

Ban tsaya tunani ba, na ja mota, kafin la'asar muna gidan likita a Filinge. Ana sauke Arzika sai malamin asibiti ya kama hannuwansa ya juya, ya ce mini, "Wannan kuma fa? Rijiya ba ta yin haka." Na matso na leƙa. Tafukansa duka biyu sun saluɓe har nama, da baƙin roba da ɗanyar laka manne a cikin raunin. Na rantse da Allah ni na kama hannuwan nan na ɗora shi a mota da safe, lafiyarsu lau, sai kanta irin ta mai aiki. Ramatu kuma ta rantse kansa bai bar cinyarta ba ko sau ɗaya.

Arzika bai mutu ba. Kwana uku ya farfaɗo, na je gaishe shi, ban faɗa masa komai ba, matarsa ma ta ce ba ta faɗa ba. Na tambaye shi ko ya tuna wani abu. Ya daɗe yana kallon hannuwansa a naɗe, sannan ya ce, "Ni dai na gan ni cikin rijiya, ina riƙe da igiya, ana ja na bisa, igiyar tana ci mini hannu kamar wuta, na san in na saki ban hitowa." Sai ya ɗago ya dube ni da kyau, mutumin da bai taɓa ganina da hankalinsa ba, ya ce, "Kai ne ka ce mini inji ne ba jaki ba."

Na fita waje na daɗe a tsaye a rana. Yatsunsa ba su ƙara lanƙwasuwa ba, bai sake shiga rijiya ba har ya koma ga Allah. Na tambayi malamai, kowa da abin da ya ce, babu wanda ya gamsar da ni, ni ma na daina tambaya.

Ku masu jan mota a daji, kada ku sauke kayan fitar da mota don komai, kada kuma ku kori wanda ya ce zai raka ku. Ni na yi duka biyun, mara lafiyan da na ɗauko ne ya biya da hannuwansa, kuma har gobe in na ji warin roba mai ƙuna sai tsigar jikina ta tashi.