Karen da na ɓata da hannuna

Shekarun baya, da maigidana ya rasu, ya bar mini awaki bakwai da wani jan kare mai gutsurarren kunne. A ƙauyenmu na wajen Tsanyawa gona manne take da gona, amma ɓarayin awaki ba sa rasa hanya. Karen nan ne ya tsare mini garkena.

To ni na ɓata shi, sai yanzu bakina ke iya faɗa. Da matar ɗana ta haihu, ni ke rainon yarinyar. In ta yi kashi a tsakar gida, maimakon in zuba toka in kwashe, sai in leƙa waje in kira shi. Haka na taso na ga ana yi. Har yabonsa nake: "Kai, ka fi tsintsiya!" Abinci kuwa, sai in ƙanzon tuwo ya ragu.

Ya saba, har ya koma bin yaran unguwa bayan danga. Wata rana da hantsi ɗana ya shigo ya tarar da karen yana lasar fuskar yarinyar, bakinsa duk ƙazanta. A makon nan gudawa ta kwantar da ita, sai da aka ƙara mata ruwa a asibiti.

Ɗana ya ce, "Inna, karen nan zai bar gidan nan."

Na ce, "Karen ubanka? Ka ba ni kasuwa biyu, in bai daina ba ka yi yadda ka so."

Na barbaɗa barkono a kan kashin, karen ya yi atishawa ya tafi na maƙwabta. Na dake shi, ya koyi yi a ɓoye. Ni da mata ke zuwa tambayata sirrin kiwo, ran kasuwa na tsinci kaina gaban malamin dabbobi.

Ya ce, "Iya, me kike ba shi?"

Na ce, "Ƙanzo, in ya ragu."

Ya ce, "To yunwa ce, wataƙila da tsutsar ciki. Sauran kuma sabo ne, wani ya koya masa."

Na ce, "Yaran unguwa ne." Allah ya yafe mini.

Ya ba ni maganin tsutsa. Ya ce in riƙa ƙosar da shi safe da yamma, a kwashe kashi nan take a zuba a masai, a daina dukansa, in ya kau da kai daga kashi in jefa masa ɗan abin ci. "Amma fa sai an yi watanni, Iya."

Ni kuwa mako ɗaya ya rage mini. Tuwona nake raba mana biyu, kuma wallahi ya fara dainawa. Kwana na shida ɗana ya gan shi bayan danga, kai a ƙasa. Washegari mafarautan da ya kira su tafi da karen suka zo da igiya.

Ban taɓa roƙon ɗan da na haifa ba sai ranar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ke kika yanka wa'adin."

Suna jansa yana waiwayena. Kafin damina aka sace awaki huɗu, sauran na sayar don tsoro.

Yarinyar ta girma, ba ta ma san an yi shi ba. Laifin da aka kore shi a kansa nawa ne, kuma ban iya faɗa ba lokacin da faɗar za ta yi amfani. Har yau in na kankare tukunya sai in nufi ƙofa da ƙanzon a hannu, in tsaya, in dawo.