Ƙwallon Dabino Mai Shuni

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina a fagen karatu, muna da wata 'yar ƙungiya ta mutum bakwai a Zaitawa. Ba ma karanta komai sai littattafan binciken ƙwaƙwaf, irin waɗanda za a tsinci gawa a shafi na uku, a yi ta jan ranka har ƙarshe kafin a nuna maka wanda ya yi aika-aikar. Duk Asabar bayan La'asar muke haɗuwa a zauren wani tsohon malamin makaranta, wanda kowa ke kira Malam. Mutum ɗaya zai riƙa karantawa a bayyane, saura na saurare. In an zo babin ƙarshe sai a rufe littafin, kowa ya faɗi wanda yake zargi, a yi ta musu kamar za a dambace, sannan a buɗe a ga wanda ya canka.

Ni marini ne, a karofin Ƙofar Mata na tashi, kuma daga bakin aiki nake wucewa zauren da hannuwana shuɗi fes. Ni ne ƙaraminsu, amma ni na fi kowa baki. Sau biyu na taɓa canka mai laifi a jere, tun daga nan kuwa babu mai shan ruwa a gabana.

Yadda muke zaɓen littattafai shi ne abin dariyar. Duk bayan wata uku kowa zai kawo littafi ɗaya. A jera su a ɗan ɗakin da ke jikin zauren, a ɗora kofin shayi a kan kowanne, a saki labule. Malam ya raba mana dabino uku-uku. Ka cinye, ka shiga kai kaɗai, ka jefa ƙwallayen a kofunan da ranka ke so, amma ban da naka. Littattafai ukun da suka fi ƙwallo su za a karanta, kowanne wata guda. Malam ne mai ƙirga: ya juye kofi a tafin hannunsa, ya kai kusa da idonsa, ya faɗi adadi. Mu kuwa har alfahari muke wai zaɓenmu na sirri ne, ya fi na 'yan siyasa tsafta.

Kowane zaɓe littafi ɗaya Malam ke kawowa. Wani tsoho ne, bangonsa ya sha liƙi, takardunsa sun yi ja. Labarin wani attajiri ne da aka kashe a gidansa ranar walima. Matsalar ita ce babin ƙarshe babu shi, an yage shi tas.

"Haba Malam," nakan ce, "littafin da ba ƙarshe ai tuwo ne ba miya. In mun gama musu wa zai raba mu?"

Sai ya yi murmushi ya ce, "To mai shuni, ai ku ne masu basirar. Ku gwada mana."

A yi dariya, a shiga zaɓe, kofinsa ya fito wayam, ko kuma da ƙwallo ɗaya na tausayi. Ya mayar da littafinsa aljihun babbar riga, bayan wata uku ya sake fito da shi. Mun ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

Ana nan sai idon Malam ya fara yin ƙasa sosai. Ɗansa da ke aiki a Abuja ya ce bayan wata uku zai zo ya tafi da shi, ya zauna a wajensa kusa da asibiti. Kenan zaɓen da ke tafe shi ne na ƙarshe da za a yi da shi. Abokina, wanda tare muka shiga ƙungiyar, ya tare ni a hanya.

"Don Allah wannan karon ka sa wa Malam ƙwallo ɗaya," ya ce. "Na yi wa saura magana. Mutumin nan tafiya zai yi."

Na ce, "Kai dai bari, an gama."

Ranar zaɓe ni na shiga ƙarshe. Na jefa biyu, saura ɗaya a hannuna. Sai shaiɗan ya ce leƙa, na kuwa leƙa kofunan, abin da doka ta hana. Littattafai biyu sun riga sun yi gaba. A gurbi na uku, kofin Malam ƙwallo uku, kofin wani sabon littafi mai sheƙi shi ma uku. Sabon nan kuwa tun da na ga bangonsa yawuna ya tsinke. Na tsaya ina juya ƙwallon a hannu. Na ce a raina, wa zai sani? Na jefa wa sabon, na fito ina goge baki kamar mutumin kirki.

Malam ya juye kofinsa, ya ce, "Uku." Ya juye ɗayan, ya daɗe yana dubawa dab da idonsa, sannan ya ce, "Huɗu. To, Allah Ya sa albarka." Ya mayar da tsohon littafinsa aljihu. Abokina ya harare ni, ni kuma na hau hararar na kusa da ni.

Abin haushi, sabon littafin nan ko daɗi babu. Tun a tsakiya kowa ya gane matar ce ta yi kisan. Malam na zaune a kan buzunsa yana saurare, ni kuwa abin na ta cina a rai. Sai na ƙudurta zan wanke kaina. Na bi masu sayar da tsofaffin littattafai ɗaya bayan ɗaya, na sha rana, na sha ƙura, har Allah Ya haɗa ni da irin littafin Malam, cikakke, babu shafin da ya ɓata. Wallahi ranar ji na yi kamar an ba ni kujerar Makka.

Ana gobe zai tafi, da yamma, na same shi shi kaɗai a zaure, an ɗaure kayansa a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Malam, albishirinka! Na samo ƙarshen. Yanzun nan zan karanta maka."

Ya miƙo hannu ya shafa littafin, sannan ya dafe shi a rufe.

"Kada ka buɗe, ɗana."

Na yi sororo. Sai ya ce, "Ka san wanda ya yage babin nan? Mai ɗakina ce, Allah Ya jiƙanta. Ta riga ni karantawa, sai ta cire ƙarshen ta ɓoye. Ta ce tunda ina taƙama da basira, in faɗi mai laifin da kaina. Na ce direba ne, ta yi dariya. Na ce ƙanin mamacin ne, ta ce in ƙara tunani. Kullum bayan cin abinci sai mun yi wannan musun. Ban kai ga canka ba ciwo ya kwantar da ita. Bayan rasuwarta an duba ko'ina, ba a ga takardun ba."

Na ce, "Malam, me ya hana ka faɗa mana?"

"Haba, da furfurata zan zauna gaban 'ya'yan cikina in ce ina kewar matata? Ni ba ƙarshen nake nema ba. Da shi nake so, da tuni na sa an samo mini. So nake a zauna a yi ta musu da ni a kansa, ko na wata ɗaya ne, in ji zauren nan ya ɗauki hayaniya irin wadda muke yi da ita."

Don in rufe kunya sai na ce, "Ai da mun sani, Malam. Ni ma na so a ce naka ne ya ci."

Sai ya yi dariya har da tari. "Mai shuni kenan! Ɗan binciken da bai san hannunsa na zuba ba. Ƙwallon dabino in ya fito daga baki da danshinsa yake. Naka kullum da shuɗi yake zuwa tafina. Shekara nawa ina duba kofina ko zan ga shuɗi, ban taɓa gani ba."

Kai jama'a! Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce bari in bi gida-gida in tara mutane gobe. Ya ce mota da sassafe za ta zo. Ya zaro tsohon littafin daga aljihu ya ba ni, ya ce, "Riƙe. Ni yanzu mai dafa abincin nake zargi. In ka samu wanda ya fi shi, ka aiko mini."

Ban aika ba. Kullum sai in ce sai na gama tunani. Shekara ba ta zagayo ba aka kawo mana labarin rasuwarsa. Ƙungiyar ma ba ta daɗe ba, da aka rufe zauren kowa ya kama gabansa.

Littattafan biyu suna nan a akwatina. Yagaggen na karanta shi ya fi sau goma. Cikakken kuwa har yau ban buɗe babinsa na ƙarshe ba, kuma ba na jin zan buɗe. Ina kewar zauren nan, ina kewar ƙamshin shayin, ina kewar muryarsa in ya ce "mai shuni". Na koyi cewa in mutum ya yi ta kawo maka abu ɗaya kana ture shi, ka tsaya ka tambaye shi dalili kafin ka yi masa dariya.

Har yanzu ina rini, hannuna bai daina zuba ba. Duk sanda na ci dabino na ga ƙwallon ya yi shuɗi a tafina, sai in tuna Asabar huɗu kacal bawan Allahn nan ya roƙa, kuma ƙwallo ɗaya ne ya rage masa. Ranar kuwa yana hannuna.