Hannun Hagun Moutari: Bankwana da Hassoumi na Barbès

Ranar Laraba, 11 ga Maris 1987, aka bugo mini waya daga Bobigny, kusa da Paris, cewa ka cika, Hassoumi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 

Mutanen unguwar Barbès ta Paris sun san ka da sayar da atamfa da saukar baƙi. Sun kuma san ka da karta, kai ma ba ka taɓa ɓoye ta ba, ba ka kuma taɓa yabon ta ba. Malamai sun yi maka faɗa har sun gaji. Ni dai a teburin kartar nan ka yi mini alherin da ba zan manta ba.

Ƙanena Moutari yana karatun likita a Lyon sa'ad da kartar cacar da ake kira poker ta shiga ransa. Ya rantse mini cewa in ya shiga cikin masu cin kyauta a gasar da za a yi a wani kulob can, ya bar jami'a ke nan. Na yi lallashi, na yi zagi, duk a banza. Na shiga jirgin ƙasa na bi shi, na tsaya bayan 'yan kallo. Kai ma kana cikin masu wasa a teburinsa, ka kuma san rantsuwar da ya yi.

Da la'asar saura mutum guda a fitar, duk wanda ya rage zai samu rabo. Kowa ya ƙanƙame 'yan jeton ɗinsa, wato ƙwayoyin da ake zubawa a madadin kuɗi. Na Moutari sun kusa ƙarewa, kowane zagaye ana gutsurar su. Ko ya tura duka, ko ya ajiye katinsa ya jira wani ya riga shi faɗuwa. Ya leƙa katin, ya daure fuska, ya tura duka.

Da hannun hagu ya tura. Turawan teburin ba su ga komai ba, suka yi ta ajiye katinsu. Kai kuwa ɗan Damagaram ne. Ka san yaron da aka yi wa tarbiyya irin tamu ba ya miƙa abu da hagu sai in ransa bai yarda da abin ba. Ka gane babu katin kirki a hannunsa. Naka jeton ma ba su da yawa, kuma kowa ya san hankali shi ne ka kauce. Ka dube shi, ka ɗago ka dube ni. 

"Ƙanena, na biya abin da ka tura," ka ce masa. "Buɗe mu gani."

Katinka ya fi nasa, ya fita babu ko sisi. A bakin ƙofa ka ce masa, "Tafi ka yi karatunka, wannan wuri ba naka ba ne." Bai sake gaishe ka ba. Kai ma da taurin kanka ba ka neme shi ba, sai dai ka riƙa tambayata jarabawarsa a ɓoye.

Bara ya gama karatun. Makon jiya ya ce mini Asabar zai je Paris ya durƙusa ya ba ka haƙuri. Ya zo ɗin, Hassoumi, amma gawarka ya tarar.

Allah Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya haskaka makwancinka. Hajiya Sahadatou, uwargidan marigayi, da yara da dangi na Damagaram, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya ba Moutari nasa.