Salwa, Telar da Ta Gane Ciwon Mata da Igiyar Awo

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 13 ga Mayu 2025, Allah Ya karɓi ran Salwa Alim, telar mata a unguwarmu ta Briqueterie a birnin Yaoundé, tana da shekara talatin da huɗu. Ta rasu a asibiti kwana ɗaya bayan an yi mata aiki a ciki, aka yi jana'izarta bayan la'asar. Ni Rahama, maƙwabciyarta tun muna yara, mai aikin bincike a ɗakin gwajin jini, na kwana tara ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Salwa, tun kina shekara goma sha huɗu kike fama da ciwon mara duk wata. Goggo Fatu, ƙanwar mahaifinki da ta raine ki, takan ce kowace mace da haka ta girma, ke dai raki ya yi miki yawa. Sunan ya bi ki har gidan mijinki Halilu. In aka ga shagonki a rufe, sai a ce mai raki ta kwanta. Kina ji, ki yi dariya, bayan kwana huɗu ki koma kan kekenki.

Da aka ɗauke ni aikin bincike kan cutar da likitoci ke kira endométriose, ke na fara faɗa wa. Na bayyana miki cewa nama ne irin na cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, a kan hanji ko mafitsara, yana zubar da jini duk wata a inda jinin ba shi da hanyar fita. Yawanci ba a tabbatar da ita sai an huda ciki an leƙa. Mu kuma muna neman wasu 'yan mitsi-mitsin saƙonni da ke yawo a jini, ana ce musu micro-ARN. Su ke taya jiki tsara abin da zai ƙera da abin da zai bari, kuma ana ganin yawan wasunsu yana canzawa a jikin mai wannan cuta. Fatanmu wata rana ɗigon jini ya wadatar, ba sai an kai ga wuƙa ba. Kika ajiye almakashi kika ce, "Ashe jini ma gulma yake yi. To gara, tunda ni an ƙi yarda da bakina."

Wata biyu na yi ina yawo gida-gida neman matan da za su ba da jini, mace uku kawai na samu. Ana ta raɗe-raɗin cewa sayar da jinin za mu yi. Ke kika cece ni. Kin daɗe da lura cewa akwai matan da ke dawo miki da siket a buɗa musu ƙugu, bayan mako su dawo a tsuke, saboda cikinsu na kumbura lokacin al'ada kamar mai juna biyu. Ba ki taɓa tambayar kowa ba. Sai dai ki saka roba a ɓoye cikin ɗinkin, ki ce sabon yayi ne. Su kika bi ɗaya bayan ɗaya, daga nan har unguwannin Tsinga da Elig-Edzoa. A shagonki muke ɗiban jinin, labule a sake, kuma duk wadda ta tsorata sai ki naɗe hannun rigarki ki ce a fara da ke. Sau huɗu na soke ki, uku daga ciki don a gani ne kawai. Mata arba'in da ɗaya kika kawo mini. Har jaka mai soso kika ɗinka don kada kwalaben su fashe a kan babur.

Abu ɗaya tak kika roƙe ni. Wata ranar Asabar kika ce, "Yaya Rahama, rubuta mini rezulta, sakamakon gwajin jinina, ko layi biyu ne, ki buga hatimin labo ɗinku na gwajin jini. Goggo nake so in nuna wa cewa ba ƙarya nake ba."

Na ƙi. Na ce kwalaben lamba gare su, ba suna, kuma gwajin bai tabbata ba tukuna, doka ba ta yarda a ba kowa sakamako ba. Duk gaskiya ne, ko yau haka dokar take. Amma da Faransanci na faɗa miki, don na san ƙin abu ya fi mini sauƙi da shi. Babu dokar da ta hana ni tafiya da ƙafata in zauna gaban Goggo in ce na yarda da ke, ko in ja ki zuwa wurin likitan mata. Tsakanin gidanmu da nata bai kai tafiyar minti biyar ba. Ina jiran injin gwaji ya yi magana, ke kuwa shekara ashirin kina yi. Wannan laifi nawa ne, kuma yana ci mini rai.

Da amai ya kama ki a watan nan, an ɗauka ciwon da aka saba ne. Ke ma kin hana Halilu kai ki asibiti, kin gaji da a ce kin cika raki. Sai a kwana na uku ya ɗauke ki da ƙarfi. Likitan da ya yi aikin ya ce naman ya naɗe hanjinki ya toshe shi, an zo a makare.

Mu biyu muka yi miki wanka, ni da Goggo. Mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani, amma Goggo da Halilu sun ce in faɗa, a karanta wa matan unguwa. Ƙasan cibiyarki fatar ta yi baƙi ta taurare, tabon ƙuna kan tabon ƙuna, wani tsoho wani sabo, duk da siffar dutsen guga. Goggo tana riƙe da butar ruwa, sai hannunta ya tsaya. Daga baya ta ce, a hankali, "Ni na koya mata. Ranar da ta fara, da hannuna na naɗe dutsen a zane na ɗora mata, na ce ta yi shiru kada babanta ya ji."

Sai da na karɓi butar na ƙarasa. Har yau Goggo ba ta iya cin abinci sai an matsa mata.

Ya Allah, Salwa ta zo gare Ka da jikin da ya sha wuya. Ka sa ciwon nan ya zama kaffara gare ta, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya mata makwanci, Ka ba ta Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta Halilu, da mahaifinta Malam Alim, da 'yan'uwanta na nan da na Etoudi, da matan nan arba'in da ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Goggo Fatu kuma, Allah Ya sanyaya zuciyarki, abin da aka koya miki kika koyar. Allah Ya yafe miki, Ya yafe mini.

Rahama Isma'ila
Briqueterie, Yaoundé