Doreen Wasylyk, mai kife bokiti

Kowace safiya, kafin Doreen Wasylyk ta hau motar gyaran filin ƙanƙara na garinmu, sai ta zuba kofi, ta buɗe waya ta bi ƙungiyoyinmu ɗaya bayan ɗaya. Ita ce shugabar gasarmu ta hokin waya, inda kowa yake zaɓar ƙwararrun 'yan wasan hoki, wasan nan na sanda a kan ƙanƙara, abin da suka ci a fili ya zama makinsa. Dokar da ta tarar ita ce wanda ya zo na ƙarshe shi ke fara zaɓe baɗi. To, kun san halin ɗan Adam.

Doreen ba ta yarda da kowa ba. Ka ce mata ka manta ba ka saka golanka ba, sai ta dube ka ta saman tabarau. Ƙanenta Orest ma bai tsira ba, shekarar da ya jibge gwanayensa a benci don ya zo na ƙarshe.

"Yaya, mura ce ta kwantar da ni," in ji shi.

"Murar da ta kama ɗan yatsan danna waya kaɗai? Jiya na gan ka kana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida."

Ta hana shi zaɓen farko, shi kuma ya ƙaurace wa teburinta ranar Kirsimeti. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta janye ba. Daga nan ta kawo bokiti: duk waɗanda suka gaza kai wa zagayen ƙarshe, a rubuta sunan kowa a faifan robar da ake bugawa a hoki, a jefa, a zaro, wanda ya fito shi ke fara zaɓe. Faɗuwar gangan ta daina riba.

Doreen, garkuwar mai gaskiya, ciwon kan mai wayo, ke ce kika sa har yau muke zama tebur ɗaya.

Bana ta ajiye shugabanci, kuma ƙungiyarta na cikin waɗanda suka gaza. Orest, wanda ya daɗe da shiryawa da ita, ya zura hannu ya zaro sunanta. Muka tafa. Ita ba ta tafa ba.

"Murnar nan taku ta yi yawa. Miƙo bokitin."

Ta kife shi a kan tebur. Kowane faifai sunanta ne a jiki.

"Kyautar sallama ce, Yaya," in ji Orest, murya ƙasa-ƙasa.

"Maguɗi ne. A goge."

Aka sake, ta fito ta ƙarshe, sannan ta tafa ita kaɗai.

Mun gode, Doreen. Wanda duk ya gaje ki, ya koyi kife bokiti ko da sunansa ne ya fito.