Jan Biro da Wasiƙun 'Yarsa

Shekara talatin malamin da ake wa laƙabi da Jan Biro yana koyar da Turanci, kuma wallahi babu ɗalibin da ya bar ajinsa da yatsu lafiya. Abin da ke tayar masa da aljanu shi ne 'yan ƙananan kalmomin nan da ake jingina wa suna, musamman sunan abin da hannu ba ya taɓawa, irin su tsoro da haƙuri. Ka sa wadda ba ita ba, ka miƙo hannu, ya yi ta sauke maka gefen rula a gaɓa har fata ta fashe.

Gyaransa ma na daban ne. Daga layin ƙarshe yake farawa, ya rufe na sama da rula, yana hawa kalma-kalma. Wai ma'ana tana ruɗar ido.

A gida ma bai sauya hali ba. Da 'yarsa tilo ta auri wani makanike a wani gari, ya kafa mata doka: in za ta rubuto masa, da Turanci. Wasiƙa uku ta aiko cikin wata biyu. Kowacce ya bi ta daga ƙasa, ya yi mata ja-ja-ja, ya mayar. In uwar, wadda ba ta jin Turanci, ta tambaya me yarinya ta ce, sai ya ce lafiya lau take, Turancin ne dai ya lalace.

Ranar wata Talata da azahar wani direba ya kawo 'yar kwance a bayan mota. Muƙamuƙi a karye, ido ɗaya a rufe, haƙora biyu babu. Wasiƙun uku na cikin jakarta. A barandar asibiti ya karanta su daga sama, karo na farko. Baba, ina cikin tsoro. Baba, zai kashe ni. Ga da'irarsa ja a jikin tsoron, ga rubutunsa a gefe: a sake rubutawa.

Garejin mijinta ya nufa kai tsaye. Ya sunkuci ƙarfen kwance taya, ya rufe surukin da duka har ya karya masa hannu, jini ya wanke masa riga. Sai da ƙarti huɗu suka danne tsohon. Zuciyarsa ba ta huce ba, don ya san wanda ya fi cancantar ƙarfen.

Da ya koma, an ɗaure mata baki da waya, ba ta iya magana. Ta yi alamar a ba ta takarda. Ta rubuta layi biyu da kyar, da Turanci, ta miƙo masa.

Kafin ya ankara, hannunsa ya kai aljihu, kan jan biron.

Ta gani. Ta janye takardar a hankali, ta yayyage ta, ta juya fuska bango.

"Tashi ka fita, Malam," in ji uwar.

Har yau bai san abin da ta rubuta ba.